Karas ɗin Safara'u Ba Ya Son Dashe

A Jega Firchin, in ka tambayi gidan Safara'u Mai Karas, ko baƙo zai nuna maka. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na san lokacin da wannan suna ba yabo ba ne, zolaya ce.

Shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, ƙanenta Jibrin, direban da ke kai albasa Jos, ya kawo mata irin karas a ƙulle cikin takarda. Ya ce abin garin sanyi ne, amma ta gwada in ɗari ya shigo. Safara'u ba ta jin "ba zai yiwu ba". Ta kewaye filin bayan ɗakinta da kara, ta zuba takin awaki, ta yi garka.

To, ita 'yar Aliero ce, cikin albasa aka haife ta. A wurinsu duk abin da ya tsiro sai an cire shi an dasa. Haka ta yi wa karas: ta yafa iri, ya tsiro, ta tuge shi ɗaya ɗaya ta jera a fangali. Ganye ya yi kyau har ina hassada. Ranar tono kuwa, abin da ya fito ya karkace, ya rabu biyu, ya rabu uku, kamar yatsun kaza. Mun yi dariya har da hawaye, ni ce ma kan gaba, Allah ya yafe mini.

Mijinta Malami, manomin albasa a Kimba, bai yi dariya ba. Dama filin yake so ya gina rumbun albasa.

"Wanga wasa ya isa," ya ce. "Hwilin nan rumbu za ni yi."

"Malam, ka ba ni sanyi ɗaya. In ya sake karkacewa, ni da kaina zan kwaɓa maka ƙasar gini."

Ba banza ta faɗa ba. A gefen wurin da ta yafa irin, akwai guda huɗu da ta manta ba ta tuge ba. Su kaɗai suka fito a miƙe. Ta gane cewa saiwarsa ce ba ta son a taɓa ta.

Da sanyi ya dawo ta sassauta ƙasa da yashi, ta shuka, ta bar shi inda ya tsiro. Inda ya cunkushe sai ta rage. Malami ya kasa jurewa. Wata safiya na jiyo su ta katanga.

"Mi ag ga haka? Shuka ba dashe? Bari in gyara miki."

"Malam, albasarka tana Kimba. Wanga nawa ne, kada ka taɓa."

Bayan wata uku ta kira shi, ta ce ya tuge da hannunsa. Na leƙo, don wallahi na fara son garkar nan. Ya ja, karas ya fito santal, ja wur, ya kusa kai tsawon taƙi. Ya ja na biyu, haka. Ya goge shi a riga ya gatsa, ya daɗe yana taunawa.

"Rumbun hwa?" ta tambaye shi.

Ya dubi shingen kara, ya dubi sauran filin da ke bayansa.

"Ki matsa da shingen har bakin rijiya," ya ce. "Albasa ta kwana waje."