Usta Milad, Mai Fito da Fuskokin da Teku Ta Ci

Kullum da safe, kafin jiragen masunta su dawo, Usta Milad, wato gwani Milad mai zane, yakan buɗe ganye ɗaya na tagar shagonsa, ya bar ɗayan a rufe. Sai ya jera kofunan shayi uku a kan tebur. Ba shayi ake sha a cikinsu ba. Na farko ruwa ne da ɗigon tawada, launinsa kamar hayaƙi. Na biyu ya fi shi duhu. Na uku baƙi ƙirin. Ya ajiye soso, da tsumma, da guntun kyandir, da gishiri a murfin gwangwani, ya ci wakensa da gurasa a tsaye, sannan ya zauna yana kallon ƙofa. Har yau haka yake yi, duk da hannunsa na dama yana rawa, buroshi ba ya tsayawa a cikinsa.

Ni ce Nabawiyya, Uwar Garib, mai gyaran kifi a bakin kasuwa. Ban taɓa zama a aji ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada wanda ya gyara min magana.

Da ƙuruciyarsa Milad ya yi aiki a Alƙahira, a wata mujallar yara, inda mai injin ɗab'i ke tsaye a kansa yana jiran zane. Abokan aikinsa sukan yi inuwa da bakin alƙalami, layi kan layi, har wuya ya ƙage. Shi kuwa ya koyi jiƙa takarda ya bar ruwa ya yi masa aikin. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo garinmu, nan inda Nilu ke shiga teku. Kirista ne, yawancinmu Musulmi ne, kuma teku ba ta taɓa tambayar kowa addininsa kafin ta ɗauke shi.

A da, mutumin garin nan hotonsa ɗaya ne, na katin shaida, kuma yana aljihunsa lokacin da jirgi ya kife. Gawa ba ta dawowa, hoto ba ya dawowa. Mace ta zauna makoki ba ta da abin da za ta ɗaura wa baƙin ƙyalle. Zakiyya matar Rizik ce ta fara zuwa wurinsa, kuma tana raye, a tambaye ta. Ta ce ta shiga tana ta bayanin hancin mijinta da girarsa, ya ɗaga mata hannu.

"Bar hancin nan, 'yar'uwa. Ina yake zama idan ya dawo gida?"

"Bakin ƙofa, yana gyaran taru."

"Rana ta ina take bugunsa?"

Ba ya fara da layi. Da inuwa yake farawa. Yana cewa mutum yakan manta hancin wanda ya rasa, amma ba ya manta inda duhu ke kwanciya a fuskarsa. Kuma dole ya yi sauri, don mai makoki tana ganin fuskar ne na ɗan lokaci kaɗan, iyakar hucewar shayi, daga nan kuka ya zo ya dama komai. Takardar ma ba ta jira, bushewa take.

Ranar tawa ta zo bayan jirgin Garib, ɗana tilo, ya tafi wajen tsibirin Malta bai dawo ba. Na shiga shagon ina zagin kowa, har da shi.

"Kai, mai wasa da ruwan kwata, an ce kana fito da matattu."

"Zauna, Uwar Garib. Warin kifin sardin ɗinki ya riga ki sallama. Ina yake zama?"

Na ce a kan bokiti, ƙarƙashin rumfata, yana satar min soyayyen kifi, haske na zuwa ta hagunsa. Ya goga kyandir a wurare biyu inda ba na ganin komai. Ya shafa soso a rabin takardar. Ya tsoma buroshi a kofin farko, ya taɓa wurin da ya jiƙe, ya karkata katakon da takardar ke kai. Tawadar ta gangaro da kanta, ta tsaya daidai inda ruwa ya ƙare. Kofi na biyu ya sa ƙarƙashin gira, da gefen hanci, da ƙasan haɓa. Ya yayyafa gishiri a kumatu, gishirin ya tsotse tawadar ya bar ɗigo-ɗigo irin gemun da bai gama fitowa ba. Ina kallo, fuska ta taso daga cikin takardar kamar yadda wanda ya nutse ke tasowa, goshi tukuna, sannan kunci. Inda ya goga kyandir ya fito fari, haƙoransa ne na gaba. Ya dangwala tsumma a ido ɗaya, ya ɗauke ɗan duhu, sai Garib ya dube ni. Da ta bushe ya bi da launin ruwa sama-sama, ja a leɓe, shuɗi a riga. Shayin da ya zuba min ko sanyi bai yi ba.

Kai ne, Milad, ka mayar min da yaron da gwamnati ba ta nemo ba, mai jirgi bai nemo ba. Kai ne mai inuwa kafin haske.

Al'adarmu ita ce, bayan sadakar arba'in a kai hoton zauren ƙungiyar masunta a rataye, don matattunmu su zauna tare kamar yadda suka fita tare. Bangon ya cika har kusa da rufi. Idan ruwan sama na lokacin sanyi ya sauka, iska ta yi danshi, hotunan sukan yi gumi. Ɗigon ruwa ya taru a kumatu ya gangaro. Milad da bakinsa ya gaya mana gishirin da ya rage a takarda ne ke jawo danshi. Mun ji, mun yarda, amma duk da haka babu wanda ke ɗaga murya a zauren nan idan suna yi. Ni na sha goge wa Garib kumatu da gefen mayafina.

Sai aka zaɓi Alhaji Abdul'ati shugaban ƙungiya, mai jirage da yawa, har da wanda ɗana ya tafi a ciki. Samari suka fara ƙin dogon zango. Suna shiga zauren, su ga bangon, su fita. Alhaji ya ce hotunan ne ke tsorata su, ya sa aka sauke su duka aka kulle a sito, ɗakin da ruwa ke shiga ta ƙasa. Bai tsaya nan ba. Ya zauna a wurin mai shayi yana cewa tsafi Milad ke yi, wai yana kiran ruhin mutane cikin kofi. Matan da Milad ya zana wa mazajensu suka fara tsallake titi idan sun hango shagonsa. Zakiyya, ke ma kin yi, na gan ki.

Na je wurin Milad na ce ya sake min wani. Ya riƙe hannunsa na dama da na hagu, ya jiƙa takarda.

"Ta ina haske ke zuwa?"

Na buɗe baki, ba komai. Shekara da shekaru na saba kallon hoton, har na bar masa ajiyar fuskar, ban riƙe tawa ba. Na tuna bokitin, na tuna rigar. Inda fuska take sai fili. Muka zauna muna kallon takarda tana bushewa. Ya ce a hankali, "Ko da hannun yana nan, Uwar Garib, ba ni ke zanawa ba. Ke ce." Ranar ce ɗana ya nutse min karo na biyu.

Washegari na ɗauki darona da wuƙata, na kafa sana'a a ƙofar gidan Alhaji. Hanjin kifi da ɓawo, duk a kan dakalinsa, rana tana dukansu, kyanwoyin unguwa sun samu biki.

"Ke tsohuwa, ba ki da kunya? Zan kira miki 'yan sanda."

"Kira su, Alhaji. Su zo da soso. Ka ci ɗana, yanzu kuma fuskarsa za ka ci?"

"Don amfanin gari na yi."

"Don amfanin jiragenka. Ba hoto ne ya tsorata yaran ba, katakon jirginka ne da ya ruɓe."

Na yi ta zama har matarsa ta daina buɗe taga. Da ruwan farko ya sauka, ita ce ta jefo min mabuɗin siton daga sama.

Da hantsi muka buɗe siton, ni da Milad da mata kaɗan. Wari ya buge mu, irin na cikin tsohon jirgi. Ruwa ya kai idon sawu. Hotunan suna jingine da bango a jere, fuska na kallon ƙofa, kamar masu jiran a kira suna. Launi duk ya tafi. Ja da shuɗi sun zuba ƙasa sun haɗe da taɓo. Na yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na same shi can baya. Babu riga, babu jan leɓe. Amma duhun ƙarƙashin gira na nan, da gefen hanci, da ƙasan haɓa, da ɗan farin nan a ido ɗaya. Garib ne, a kan bokitinsa, haske ta hagu. Milad ya leƙa ta kafaɗata ya ce, "Tawadar idan ta bushe ba ta narkewa. Launi ado ne kawai." Zakiyya ta sami Rizik, ta zauna a cikin ruwan tana kuka.

To ku saurara, mutanen garin nan. Hotunan suna shanye a kan igiyar rufin gidana, iska na kaɗa su, kuma duk wanda ya wuce yana sunkuyar da kai. Ba can ne wurinsu ba. A mayar da su bangon zaure. Alhaji Abdul'ati ya koma wurin mai shayin inda ya ce tsafi ne, a kan kujerar da ya faɗa, ya janye maganarsa. Masu tsallake titi su je su gaishe da mutumin nan tun yana jin gaisuwa. Kuma ku masu hannun zane, da ke ta zanen jirage a bangon makaranta, ku je ku zauna kusa da shi. Hannunsa ya tafi, idonsa na nan, yana jera kofunan nan kullum babu mai tambayarsa. Teku ba ta ƙoshi ba, wata uwar za ta shigo da fuska a cikin kanta da ba za ta wuce hucewar shayi ba.

Na gode, Milad. Allah ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Darona na nan a ƙofar Alhaji har ranar da aka buga ƙusar farko a bangon zaure. Garib kuwa na mayar da shi ɗakina tukuna, na rataye shi inda taga ke hagunsa. Kullum da safe nakan dube shi, in rufe ido, in ga ko fuskar ta zauna a raina. Jiya ta zauna.