Wasiƙun da Na Ƙona a Gidan Bajamushe

Shekarun baya, a shekarar da aka rushe katangar da ta raba birnin Berlin gida biyu, ina aiki a gidan wani injiniya Bajamushe a gefen unguwar Safa, nan Jidda. Ni ne mai gadi, ni ne mai shara, ni ne mai ban ruwan shuke-shuke. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, amma ranar da za a ɗauke ni aiki maigidan ya tambaye ni ko na iya karatu, na gyaɗa kai kamar wani babban malami. Tsoro nake kada aikin ya wuce ni.

Kafin wannan aikin na yi shekara huɗu a unguwar Kurayyat ba takardar zama. Umra na zo, na zauna. Duk wanda ya yi irin wannan zaman ya san yadda gaba ke faɗuwa idan mota ta tsaya a bakin lungu. Da Allah ya haɗa ni da kafili, wanda ya tsaya min, aka yi min iƙama, wato takardar zama, sai na naɗe ta a leda biyu, na ɗinka mata aljihu a cikin singiletina. Ban san abin da aka rubuta a cikinta ba, hatimin kawai na sani. A wurina a lokacin, takarda mai hatimi rai ce guda. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kai ni ga abin da na yi.

Mahaifin maigidan yana zaune tare da mu tun da matarsa ta rasu. Tsoho ne, ya kusa tamanin, dogo, da yana a ido ɗaya. Ya yi aikin famfunan ruwa a Iraƙi da Masar shekaru masu yawa, don haka yana jin Larabci. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, sai suka dafa juna suna tafiya. Ina kiransa Baba, yana kirana Hajji, ko da yake a lokacin ban taɓa hawa Arfa ba.

Bayan la'asar yakan zauna a ƙarƙashin dogon yaro, ina ban ruwa yana ba ni labari. Ya ce a zamanin sarauta aka haife shi. Ranar haihuwar sarkinsu ba a karatu, sai a jera yara da tutoci su yi ta rera masa waƙa. Mahaifinsa ya tafi yaƙi da fure a bakin bindiga, ya dawo da ƙafa ɗaya. Akwai lokacin sanyin da suka yi ta cin wata irin saiwa da ake ba dabbobi, safe da yamma. Da yaƙin ya ƙare, sarkin ya gudu ƙasar maƙwabta.

Na ce, "Baba, sarki guda ya gudu?"

Ya ce, "A jirgin ƙasa ma, Hajji. Ya bar mu da tutocin."

Wata rana na yi ɓaram-ɓarama. Ina so in faranta masa rai, sai na ce mu a gida mun ji tsofaffi na labarin shugaban nan nasu mai ɗan guntun gashin baki, wai namiji ne, ya girgiza Turawa. Baba ya kalli ruwan da ke zuba daga tiyo.

Ya ce, "Kai labarinsa ka ji. Ni hannu na ɗaga masa."

Daga ranar ya fara ba ni labarin wancan zamanin. Jam'iyya ɗaya, gaisuwa ɗaya, jarida duk bakinsu ɗaya. Maƙwabci na kai ƙarar maƙwabci, ɗa na kai ƙarar uba. Likitan unguwarsu Bayahude ne, wanda ya karɓi haihuwar rabin yaran layin, wata safiya aka ga ƙofarsa a rufe, kowa ya wuce kamar bai gani ba. Sannan wansa. Wansa ma'aikacin maɗaba'a ne, ya ƙi ɗaga hannu, yana buga takardu a ɓoye. Aka kama shi aka kai sansanin fursunoni, bai dawo ba. Ya bar mata da 'ya mai shekara uku. Bayan yaƙin duniya na biyu da aka raba ƙasar, yarinyar ta tashi a gabas, Baba yana yamma.

Ranar da talabijin ya nuna mutane na hawa katangar suna sara ta da guduma, maigidan ya yi ta ihu yana rungumar kowa, har ni. Baba bai yi ihu ba. Washegari a ƙarƙashin dogon yaro ya ce min, "Hajji, 'yar wan nan nawa, akwai amanar ubanta a hannuna, sama da shekara hamsin. Katangar nan ce uzurina. Yanzu ta faɗi." Ya sa ɗansa ya yanka masa tikiti.

Ni da na ji an ce amana, sai na ɗauka takardun gida ne ko na gona, irin na gado. Me kuma uba zai bar wa 'yarsa a takarda?

Saura kwana biyu tafiyar, da hantsi, za su je asibiti a duba idonsa. Ya kira ni falo. Ambulan biyu ne manya a kan tebur, iri ɗaya, ya yi rubutu da jan biro a kan kowanne. Ya dafa na dama ya ce, "Wannan ka ƙona, kada ya rage ko kusurwa." Ya dafa na hagu ya ce, "Wannan ka sa min a akwati. Ga shi na rubuta a kai, don kada ka manta." Na ce to, Baba. Suka fita.

Wallahi ban manta ba. Na san wanda ya dafa. Amma da na ɗauki na ƙonawa na ji nauyinsa, sai na leƙa. Wani ɗan littafi ne mai jan bango kamar fasfo, da hoton Baba yana saurayi, da tambarin mikiya, da takardu masu kauri, kowacce da hatimi da sa hannu. Na leƙa ɗayan: guntayen takardu ne sun yi ja, wasu an yage su daga buhun takarda, rubutun fensir duk ya dushe, har da zanen agwagwa irin na yara. Sai zuciyata ta ce, tsohon nan fa ido ɗaya gare shi. Makon jiya ma gishiri ya zuba a shayi.

Na kwashi ambulan biyun na leƙa wajen abokina mai gadin gidan da ke kusa, mutumin Damagaram. Shi ma bai iya karatu ba, amma ya fi ni iya magana. Ya jujjuya ɗan littafin, ya shinshina shi ma.

Ya ce, "Kai Bakano, ka haukace? Ka taɓa ganin inda aka ƙona takarda mai hatimi? Wannan ai iƙamar ƙasarsu ce."

Na ce, "Shi fa ya dafa ta da hannunsa."

Ya ce, "Tsufa ne. Ka ƙona, ya je filin jirgi a tare shi, wa za a kama? Kai. Wancan tarkacen shi ne shara, ko makaho ya shafa ya sani. Yalla, je ka yi aikinka."

Na dubi jan rubutun da ke kan ambulan ɗin. Kalma ɗaya-ɗaya ce, gajeru. Amsar tana hannuna, tana kallona, ni kuma ina kallonta kamar sawun kaza. Da na jira su dawo na tambaya, da shi ke nan. Amma tambayar tana nufin in ce ban iya karatu ba. Sai na je bayan gida, wajen rabin duron da nake ƙona busassun ganye, na zazzage guntayen takardun a ciki, na yi bisimilla, na ƙyasta ashana. Ko minti biyu ba su yi ba. Na sa mai hatimin a akwati, ina jin daɗi na ceci tsoho daga kuskure.

Da suka dawo ni da kaina na tare shi da albishir. Na ce, "Baba, ka yi kuskure da safe, amma na gyara."

Ya buɗe akwatin, ya ga jan littafin. Ya ɗauki ambulan ɗin. Ya fita ba sanda, yana dafa bango, har wajen duron. Ya sa hannu cikin tokar, da sauran ɗuminta, ya yi ta lalube. Maigidan ya biyo mu, da ya gane abin da ya faru sai ya hau ni da faɗa, rabi Larabci rabi yarensu. Ya ce, "Ba ga shi an rubuta ba? Ba ka gani ba?" Nan na faɗi abin da na ɓoye shekara biyu. Na ce, "Na gani. Ban iya karantawa ba."

Maigidan ya ce halas, in tattara kayana. Baba ya ɗaga hannunsa mai toka ya ce a bar ni. Ya zauna a kan bulo, ya ce in zauna.

Ya ce guntayen nan wasiƙun wansa ne daga sansani, waɗanda aka fitar a ɓoye, ya rubuta wa matarsa da 'yarsa. Ta hannun Baba suka biyo, shi kuma tsoro ya hana shi kai musu, daga baya kunya ta hana shi. Jan littafin kuwa katinsa ne na jam'iyyar. Ya zaro wata takarda daga ciki, wadda ta fi kowacce kyan hatimi, ya ce, "Wannan ni na sa mata hannu, cewa ba ni da wa, don kada a kore ni daga aiki."

Na fara ba shi haƙuri, hawaye na zubo min. Ya ce, "Me ya sa ka zaɓi wannan?" Na ce saboda hatimin. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ce, "Mu da muka iya karatu ma haka muka yi, Hajji. Ƙasa guda."

Na ce, "To in ƙona wannan ɗin yanzu?"

Ya dubi takardar. Sannan ya ce, "A'a. Na so in je mata da wasiƙun ubanta, ta ga baffa mai riƙon amana. Yanzu ba ni da abin kai mata sai wannan. Mayar da shi akwati."

Ya tafi, ya yi mako uku. Da ya dawo ya ce min ya ajiye mata takardun a kan teburinta, ta karanta duka, ta tashi ta bar shi a zaune. Sai a rana ta uku ta kira shi, ta ce ya faɗa mata abin da ya tuna daga wasiƙun. Layi huɗu ya iya kawowa, da labarin agwagwar. Ta rubuta su a littafinta. Bai ce min ta yafe masa ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan shekara ɗaya suka koma ƙasarsu gaba ɗaya.

Na so in ce muku washegari na shiga makaranta, amma ƙarya ce. Sai da na yi furfura sannan na zauna gaban wani malami a unguwar Sharafiyya da ke koya wa manya karatu bayan sallar Juma'a. Ina tafiya a hankali, ba na gaggawa. Wannan rubutun ma kwana tara na yi ina yinsa. Abin da na ɗauka daga wancan gidan shi ne, in ban sani ba yanzu nakan ce ban sani ba, ko a gaban wa. Kuma in aka miƙo min takarda, hatimin ne na ƙarshe da nake dubawa.

Aikina bai tafi ba, iƙamata ba ta tafi ba. Abin da ya tafi a cikin duron nan, kamar yadda Baba ya lissafa min: wasiƙa goma sha ɗaya, shida na matar, biyar na yarinyar, da zanen agwagwa ɗaya.