Tuta Mai Sanda Biyu

Duk wanda ya zauna a Kalwarra ya san Mervyn Trezise, in bai san sunansa ba ya san tarinsa. Tun daga kwanar gidan burodi za ka jiyo shi, yana tafe yana tsayawa kamar tsohuwar mota a hawa. Merv muke ce masa. Ya haura tamanin, kuma rabin shekarun nan a ƙarƙashin ƙasa ya cinye su, yana fasa dutse ana fitar da darma. Matarsa Noelene ta rasu, 'yarsu tilo tana Adelaide da iyalinta, sai dai waya ranar Lahadi. Abin da ya rage masa a gidan kwanon nan bai wuce kujera ɗaya a baranda ba, da butar shayi, da tutar ƙungiyar ƙwadago da ke naɗe a saman kwaba.

In kana son ganin ɓacin ransa, taɓa ƙungiya. Nan take zai ajiye kofi ya fara maka da ubansu, wanda ƙurar rami ta cinye wa huhu tun bai yi furfura ba, kamfani kuma ya aiko a kwashe kaya daga gida makoki bai watse ba. Daga nan ya gangaro kan rage sa'o'in aiki, da ruwan da aka tilasta a riƙa fesawa a bakin injin haƙa don ƙura ta kwanta, da fanshon da yake ci yau. Ƙarshe sai ya ƙwanƙwasa 'yar na'urar ji da ke maƙale a kunnensa.

"Wannan da kake gani, kana tsammanin don Allah kamfani ya ba ni? Ƙwata muka yi, mutumina, da yunwar cikinmu muka ƙwata!"

Gaskiyarsa ce, ba mai musu. Sai dai akwai abin da ƙungiya ta karɓe daga hannunsa wanda ba ya taɓa sa shi a cikin labarin, wato ƙaninsa Lindsay.

Lindsay shi ne mai kula da famfunan da ke zuƙe ruwa daga ƙasan rami. A babban yajin aikin da aka yi suna da ƙarfinsu, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tukwane suka bushe a gidaje, sai taro ya kaɗa ƙuri'a cewa har masu famfo su fito, ruwa ya cika ramin kowa ya rasa. Lindsay ya miƙe ya ce wannan hauka ne, in ruwa ya shanye ƙasa ina za a koma aiki bayan an ci nasara? Aka yi masa ihu ya zauna. Washegari da safe ya rataya jakar abincinsa, ya ratsa ta tsakiyar masu yajin da suka tare ƙofa, ya shige. Merv na cikin masu tsaron ƙofar. Bai zage shi ba, bai tofa masa yawu ba kamar wasu, juya masa baya kawai ya yi.

Aka ci nasara a yajin, kowa ya koma rami ya tarar da shi a bushe. Ka ce wani zai tuna wanda ya busar da shi? Ina! A garinmu wanda ya keta yaji sunansa maci amana, kuma hukuncinsa gaba ce ta har abada. Ba a gaishe shi, ba a amsa masa. In ya shiga mashaya sai kowa ya kife kofinsa. In ya shiga kejin da ke saukar da ma'aikata ƙasa, sai kowa ya fito. Kamfanin da ya yi wa rana kuwa, da ya ga ba mai aiki da shi, sai ya sallame shi ba ko na gode. Yarinyar da zai aura ta mayar masa da zobe. Ya ƙare a wata 'yar mafasar dutse a bayan gari inda ba ƙungiya, ba abin toshe kunne, ba mai tambayar lafiyarka.

Noelene ta yi iya yinta. Takan dafa naman tunkiya da dankali, ta rufe kwano ɗaya daban.

"Wannan kuma na wa?" in ji Merv.

"Na kare ne."

"Yaushe muka yi kare?"

"Haba Merv, cikinku ɗaya fa. Nono ɗaya kuka sha."

"Ƙuri'a aka kaɗa, Noelene. Ba ni kaɗai na yanke ba."

"To ƙuri'ar ce za ta ɗauki gawarka."

Sai ya yi kunnen uwar shegu da ita, ita kuma ta ɗauki kwanonta ta fice. Ranar da aka binne mahaifiyar Merv da Lindsay, ɗaya ya tsaya wajen kai, ɗaya wajen ƙafa, ba wanda ya ɗaga ido. Kada ka ce ba ya damunsa. Yana damunsa ƙwarai, don sau da yawa yakan bi ta hanyar mafasar dutsen da mota ba tare da wani dalili ba, ya rage gudu, sannan ya wuce. Amma Merv ya riga ya gina ransa gaba ɗaya a kan magana ɗaya, cewa ba a keta yaji, kuma yana tsoron in ya zare wannan tubalin sauran ginin zai rufto masa. Mu ma muka taya shi, muka daina ambaton sunan Lindsay a gabansa, har ya zamana bai san komai game da ƙaninsa ba sai abin da ido ya hango daga nesa.

Al'adarmu ce, duk ɗan ƙungiyar da ya mutu ana ɗaga masa tuta a bakin kabari. Babba ce, ta jan alharini mai nauyi, da hoton hannu biyu suna musafaha, kuma sanda biyu gare ta. Dokokinta uku kowane yaro ya san su: mutum biyun da suka taɓa shiga rami ne ke riƙe ta, ba ta taɓa ƙasa, hannun maci amana kuma ba ya taɓa ta. Merv ne ke riƙe sandar dama, Stipe Marinovic na hagu. Kuma a kowace jana'iza, in ka duba tsallaken titi gindin wata bishiya, za ka ga Lindsay a tsaye da hula a hannu. Bai taɓa tsallakowa ba, bai kuma taɓa fashi ba.

Haka aka yi ta binne su ɗaya bayan ɗaya, masu raka gawa suna raguwa, har ranar da Stipe ma ya bi sahu.

Merv ya buga waya ofishin ƙungiya, wanda tuni aka mayar da shi birni. Sabuwar sakatariya ce ta ɗauka, Sharnee, yarinya mai fara'a.

"Kwamared Merv! Yaya tarin?"

"Yana gaishe ki. Stipe ya tafi. Mutum ɗaya nake so ranar Alhamis, ya riƙe mini sanda."

"Allah sarki. Sandar me?"

Merv ya ɗaga kai ya dubi saman kwaba.

"Sandar tuta, 'yar nan."

"Au, tutar nan ta da! Wallahi Merv, ma'aikatan yanzu ba a garin suke zaune ba, jirgi ke kawo su ya mayar da su, kuma muna tsakiyar zaman ƙarin albashi da kamfani. Amma za mu aiko da furanni masu kyau."

"Furanni suna da hannu?"

Ta yi dariya, ta zaci raha yake yi. Bai ji haushinta ba, ya san aikin masu aiki take yi, kuma da shi ne ma abin da zai sa gaba ke nan. Amma da ya ajiye wayar sai ya ji gidan ya yi masa girma. Ya zauna a baranda har shayin ya huce, yana lissafa mutanen da zai kira, duk wanda ya tuno sai ya tuna shi ya riƙe masa tuta a bakin kabari.

Ranar Alhamis aka tashi da iska. A maƙabarta akwai fada, wato limamin coci, da Dragica matar Stipe, da 'yan tsofaffin mata na cocinsu, da furannin Sharnee. Merv ya zo da wuri, ya kafa sandar hagu a ƙasa, ya tokare ta da duwatsu, ya riƙe ta dama. Da farko ta tsaya. Fada na cikin addu'a iska ta cika tutar kamar an hura ta, duwatsun suka fara gangarewa, sandar ta karkata a hankali. Merv ya miƙa hannu, ina, faɗin tutar ya fi ƙarfin hannunsa. Tari ya sarƙe shi. Yana ji yana gani jan alharinin ya nufi ƙasa a jana'izar amininsa.

Sai sandar ta tsaya, ta koma ta miƙe.

Tutar ta shiga tsakaninsu, bai ga fuskar mai riƙon ba. Ta ƙasa ya hango tsofaffin takalman aiki, an zagaya igiyarsu ta bayan idon sawu kafin a ɗaure, irin ɗaurin da ubansu ya koya musu. Da iska ta ɗage gefen tutar sai ya ga hannun. Lindsay ya naɗe tafinsa da hankici kafin ya kama sandar, don kada fatarsa ta taɓa ta.

Wayyo, wannan hankicin shi ya karya Merv. Ba wanda ya rage a duniya da zai hukunta Lindsay in ya taɓa tutar, duk suna kwance a nan cikin layi, amma ga shi yana kiyaye dokar da aka kore shi da ita. Suka tsaya haka har aka gama tura ƙasa, tsofaffi biyu da ƙyalle a tsakaninsu, hawaye na bin kumatun Merv bai da hannun gogewa.

Da fada ya rufe littafinsa, Lindsay ya matso da sandarsa ya haɗa ta da ta dama, ya jingina su a ƙirjin wansa ba tare da ya dube shi ba. Ya ninke hankici ya sa a aljihu, ya ɗora hula, ya juya.

Merv ya rungume tutar. Sunan ya daɗe bai bi ta harshensa ba har ya yi masa nauyi.

"Lindsay."

Bai waiwayo ba.

"Lin! Tsaya mana, kai!"

Lindsay ya ci gaba da tafiyarsa, ya fita ƙofar maƙabarta. Merv ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce a ransa, daidai ne, ramuwa ce, ni na fara.

Dragica ce ta dafa kafaɗarsa.

"Ba share ka ya yi ba, Merv. Ba ya ji. Mafasar dutsen nan ta daɗe da kashe masa kunnuwa, ko a kanti sai an rubuta masa. Kowa ya sani a garin nan."

"Ban da ni."

"Wa ya isa ya gaya maka?"

Hannun Merv ya kai kan 'yar na'urar da ke kunnensa. Ya dubi Lindsay da ke ƙara nisa a gefen titi, ya dubi tutar da ke ƙirjinsa. Da ita ba zai iya ko taku goma ba, kuma a duk wurin ba wanda ya taɓa shiga rami da zai miƙa wa. Sai ya buɗe hannuwansa. Sandunan suka faɗi, jan alharinin ya baje a kan jar ƙasa, tsofaffin matan suka dafe ƙirji.

Bai duba ba. Ya bi bayan ƙaninsa yana tari yana tsayawa, yana kiran sunan da ƙarfi ko da ya san a banza ne. Lindsay kuwa ya fi shi sauri, kuma ya daɗe da daina waiwaye, don ba mai kiransa.