Bugun da Ke Cikin Babur ɗin Baba

Ranar wata Alhamis ce da la'asar, a ƙarshen damanar shekarar da aka sa ni elementare a Wurno, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Ina bisa dandamalin korar tsuntsaye a gonar geronmu, ina jan igiyar da muka rataya wa gwangwanaye da fasassun ƙorai, sai na jiyo babur ɗin Baba yana tahowa ta hanyar Marnona. Ba sai na leƙa ba. A duk ƙasar nan babu wani babur sai shi, in ban da na Baturen da kan zo rangadi jefi-jefi, kuma na san muryarsa kamar yadda na san muryar ladanin unguwarmu. Amma ran nan akwai wani abu a ƙarƙashin muryar, wani ɗan bugu mai nauyi, kamar ana daka a gidan da ke bayan gidan maƙwabta. Na saki igiyar, na bar wa tsuntsaye gero, na sheƙa gida.

Da na isa na tarar Baba ya riga ya jingine babur ɗin a zaure yana alwala. Na wuce shi kaina a sunkuye, na shiga ɗakin Kaka, domin ita kaɗai zan iya gaya wa. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Kaka, mahaifiyar Baba. A ɗakinta nake kwana, ita nake ɗebo wa ruwa, akuyoyinta nake yanko wa ciyawa a bakin fadama, ita ke cire mini ƙaya in na dawo daga wasan langa. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son a aike ni, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Inna, ɗan ga naki shi kai ma jaki dussa," ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Ƙanena Sani shi ne ɗan gata: a cinyar Baba yake cin tuwo, shi ake ɗorawa a kan tankin mai a zaga da shi har bakin kasuwa. Ni dai in an gama sai in ɗauki tsumma in goge ƙafafun babur ɗin, in shaƙi warin fetur da zafin ƙarfe, shi ke nan rabona.

Baba malamin allurar shanu ne na En'e, wato hukumar gargajiya. Babur ɗin tsohon ƙarfen Ingila ne mai tukunya ɗaya, wani Baturen dabbobi ya gama cin moriyarsa kafin a ba Baba don ya riƙa zaga rugage tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo. Albarkacin babur ɗin ne muke ganin Baba kusan kullum. Kafin a ba shi, a kan doki yake fita, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. Kowa a gidan ya san sharaɗin: ƙaramin gyara Baba ya yi da kansa, amma ranar da cikin injin ya lalace, za a ɗora babur ɗin a mota zuwa Sakkwato, kuma ba a sayen kayan gyara don tsohon ƙarfe irin wannan. Ga shi Baba ya dawo daga yaƙi kunnensa na hagu a toshe, na daman ma sai an ɗaga murya.

Kaka ta saurare ni tana kaɗi, sannan ta ajiye mazari ta fita zaure, ni kuma ina laɓe a bayanta. Ta ce, "Maigidana ya ce dokin ƙarhenka shina tari." Haka take kirana, maigidanta. Baba ya dubi babur ɗin ya ce, "Inna, tambaye shi, mi yaj ji?" Kaka ta ce, "Ga shi nan gabanka. Kai ad da kunnen da bai ji, shi kau bakinai lahiya lau. Ni na gaji da zama ɗan aike tsakanin maza biyu." Ta juya ta koma ga kaɗinta, ta bar mu tsaye.

Baba bai dube ni ba. Ya shiga ciki ya fito da muciyar tuwo, wata tsohuwa da aka daina amfani da ita, ya tayar da injin, ya dafa kan muciyar a saman tukunyar injin, ya riƙe ɗaya bakin a iska. Na gane ni ake jira. Na matso na manna ƙashin kunnena a jikin icen, nan take duk zauren ya ɓace, na faɗa cikin wata maƙera inda ƙarafa ke ta gudu suna gaisawa. Baba ya fara magana, amma da babur ɗin yake yi, kamar mai lallashin doki. Ya ce in ƙarar tana sama, siririya, kamar kaza na tsattsagar tsaba a faifai, wannan ba ciwo ba ne, ɗauri da sifana kaɗai take so. In kuma sai an hau tudu ko an shiga rairayi take fitowa, kamar tsakuwa a gwangwani, to fetur ne mara kyau ko dauɗa ta taru a kan tukunya, ana iya kankarewa. Ya sauko da muciyar ƙasa, wajen cikin injin, ya ce, "In kau nan ƙasa ta, mai nauyi, kamar taɓarya cikin turmin da babu hatsi, to boris na, ƙarhen da ka juyawa can cikin inji. Wanga ba shi da magani nan." Sannan ya kashe injin ya ce wa bango, wai injin mai sanyi yana ɓoye ciwonsa, sai an yi tafiya ya yi zafi ake jin gaskiyarsa, don haka gobe mai kunne ya shirya da wuri.

Haka na samu wurin zama a bayan Baba. Duk ranar da babu makaranta, Kaka ta ɗaure mini fura a ɗan gora, in hau kan buhun da aka naɗe a bayan sirdi, muciya a soke a ɗamarata. Da farko ƙarfen sirdi na riƙe, har ranar da muka faɗa wani rami a hanyar Tursa na kusa wuntsilawa. Baba ya miƙo hannu baya, ya kamo hannuna ya ɗora a cikinsa. Har yau ina iya tuna warin rigarsa, warin maganin shanu da gumi da goro. Mukan ratsa gonakin dawa da ta fi mu tsawo, mu gangara fadama inda ake gyaran fangalin albasa, mu tsaya a ruga matan Fulani su kawo mana nono yayin da Baba ke fama da bijimai. In injin ya yi zafi sai ya tsaya a inuwar wata tsamiya ko gawo, in sauko in kafa muciyata. Ya ƙara wuta, ya rage, ya tambayi iska, "Yanzu hwa?" Ni kuma in amsa wa muciya. A makaranta kuwa na zama wani abu. A filin wasa yara suka bar gare-gare suna kewaye ni, ina kwaikwayar musu ƙarar nan uku da baki, har Malam ya taɓa tsinka mini bulala don na yi ƙarar boris ana tsakiyar lissafi.

Mun kawar da ta sama da sifana. Mun kwance kan tukunyar injin a zaure, na kankare baƙar dauɗar da guntun ƙarfe, Baba ya wanke fulogi da fetur. Bugun bai tafi ba. Ni kuwa a lokacin babu abin da nake so kamar in gano shi, in nuna wa Baba cewa kunnen da ya aro ba na banza ba ne. Ina kwana da ƙarar, ina tashi da ita.

A kan hanyar dawowa daga Goronyo na kama shi. Gero ya riga ya shiga rumbu, rana ta yi zafi, mun sha rairayi mai yawa. Da muka tsaya kusa da gulbi na kafa muciya a ƙasan injin, Baba ya ƙara wuta ya sake ta a hankali, sai ga shi a fili, taɓarya cikin turmi, ba ko tantama. Na san abin da faɗinsa zai jawo, don ni ma a gidan nake. Amma daɗin ganowa ya rufe ni, kuma na tuna yadda dajin nan yake in injin ya buga wa mutum shi kaɗai. Na ɗago kai, karo na farko a rayuwata na dubi Baba cikin ido na ce, "Baba, ƙasa ta. Boris na." Ya ce, "Ka tabbata? Ko mu ƙara saurare wani mako?" Na ce na tabbata, har da rantsuwa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Muka hau muka dawo a hankali, hannuna a cikinsa, ina ta murna a raina.

Kafin wata ya ƙare motar En'e ta zo ta ɗauki babur ɗin. Baba ya koma kan doki da dogon rangadi, maganarsa da ni ta koma bi ta bakin Kaka. Da na gama elementare aka tura ni makarantar midil a Sakkwato, daga nan aiki ya yi ta jana, Kano, Ikko, Yamai, har Hartum. Na koyi harsunan mutane, na zauna a garejinsu ina kallon makanikai suna kafa sukudireba a kunne kamar yadda muke yi da muciya. Na ga wani Balarabe yana tafe da babban ɗansa hannu cikin hannu suna gardamar farashin tumaki, na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana. Ina Hartum aka aiko mini Baba ya rasu.

Da na dawo ta'aziyya, a cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani tsoho, Mudi, wanda ya yi aikin makanikanci a garejin En'e. Da aka gaya masa ko ni wane ne, sai ya yi dariya ya ce, "Kai na mai muciya! Ai tun damana ba ta yi nisa ba tsohonka yaz zo yac ce min boris ya tahi, ga cinyoyinai yaka jin shi. Nic ce shi kawo a aje, yac ce in ƙyale shi shi lallaɓa, akwai wani aiki da bai ƙare ba." Ya ci gaba da ba mutane labari suna dariya. Ni dai na tashi na shiga zaure na zauna.

Yanzu in na je Wurno, babura sun fi jakuna yawa. 'Yan kabu-kabu na ta kai da kawowa tsakanin tasha da kasuwa, injin ya fara ƙara a canza shi kafin azahar, ba mai tsayawa ya saurara. Nakan ga saurayi ya ɗora ɗansa na fari a kan tanki, yana kiran sunansa da ƙarfi a tsakiyar titi, ba wanda ya ko waiga. Ba na cewa zamaninmu ya fi nasu, ba na kuma zargin Baba, don a cikin abin da ya gada ya nemo 'yar ƙofar da zai iya buɗewa. Ya tambaye ni ko mu ƙara mako guda, ni kuwa na rantse masa cewa babu bukata.