Batirin Motar Ambrose

Ambrose ya tsufa yana sayar da batirin mota a Kakuri, tun masaƙu suna aiki har suka rufe. Ba ya sayar wa mutum batir sai ya ga motar da idonsa. In mai dizal ce, tsohuwa, sai ya girgiza kai ya ce, "Oga, wannan ba fetur ba ce. Injinta nauyi gare shi, ƙaramin batir ba zai juya shi da sanyin safiya ba. Araha ba ta ado." Sai ya auna gurbin batirin, ya duba ta wane gefe wayoyin suke, sannan ya ɗauko babba.

Abin haushin, shi kansa tsohuwar mai dizal gare shi, kuma ba ta taɓa ganin sabon batir ba. Wanda masu mota suka yar shi yake ɗaura mata. A Romi, inda muke maƙwabtaka, kullum kanta na kallon gangara. Da safe ni da Godwin tela mu ne batirin: mu tura, ta yi tari, ta tashi, ya ɗago mana hannu ta taga. Mun yi mita har mun gaji.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, matarsa Ebele ta karɓi tuƙi. Tsoronta ɗaya ne, kada jikinsa ya rikice a ranar da babu mai turi a kusa. Ta faɗa masa hakan.

Wata Asabar ya sa aka kai shi shago, ƙafafunsa a kumbure. Ya daɗe yana duba baturan kamar baƙo, ya zaɓi mafi ƙarfi. Bai yarda wani ya ɗaura shi a motar ba. Ya goge kawunan, ya shafa musu giris, sannan ya zaunar da Ebele a gaban sitiyari.

"Ki murɗa makulli rabi, ki jira wutar hita mai ɗumama inji ta mutu. Kada ki yi sauri. Sannan ki tayar."

Na ce, "Oga Ambrose, yau ka sallame mu ke nan?"

Ya ce, "Maƙwabci, hanyar garinmu da nisa. Babu Godwin a can."

Na ɗauka asibiti kawai yake tunani. Ashe ya riga mu hangowa.

Ya rasu da damina. Mutanensu ba sa barin nasu a baƙon wuri, gida ake kai shi. Da safen tafiyar, motar gawa ta tsaya a gaba, Ebele ta shiga motar Ambrose da baƙaƙen kaya. Ba wanda ya kira mu, amma ni da Godwin muka tsinci kanmu a bayanta, hannuwa a kan but, yadda muka saba.

Ebele ta murɗa rabi. Ta jira. Bugu ɗaya motar ta tashi, ta zame daga ƙarƙashin tafukanmu. Muka tsaya a titi da hannuwa a miƙe, kuma a nan ne kuka ya ƙwace mini.