Baffa da Ɗakin Cin Abinci Mai Tebur Arba'in

Mun tashi daga Azare ana sallame sallar asuba, ni a gaba ina tuƙi, uwargidana da mahaifinta a baya. Baffa, surukina ke nan, dattijon Bafulatani ne daga wani ƙauye a gefen Gadau. A ƙuruciyarsa ya sha raka shanu har Legas, amma kullum daga kasuwar kara sai tasha, bai taɓa ganin teku ba. Da ya faɗi haka ranar sunan ɗanmu, na ce to ni zan kai shi.

Masu bibiyata sun san ni, ba na tafiya da ka. Sati uku na yi ina auna abu biyu: ko mu sauka a otal ɗin shaƙatawa irin wanda ake biyan kuɗi sau ɗaya, kwana da ci da sha duk a ciki, ko mu kama ɗaki a cikin gari mu ci gashin kanmu. Uwargida ta so cikin gari. Na ce mata dattijo mai ciwon suga ba a yawo da shi neman abinci a garin da ba a sani ba, abinci sau uku a kan lokaci shi ne maganinsa. Ta ce, "To, Allah ya sa mu dace," da irin muryar nan da na daɗe da sanin ma'anarta amma na yi kamar ban ji ba.

Hanyar Jama'are zuwa Wudil ba laifi, ban da ramukan da ke gaishe ka ba sallama. Daga Kano muka hau jirgi. Baffa bai nuna tsoro ba ko kaɗan, sai dai da aka miƙo masa ɗan kek da ruwa ya ɗaga hannu ya ce alhamdulillahi. Na ɗauka ƙoshi ne. Daga filin jirgin Legas zuwa wajen Badagiri kuwa mun fi daɗewa a mota a kan yadda muka daɗe a sama.

Otal ɗin ya yi kyau, ba zan zalunce su ba. A bakin ƙofa aka ɗaura wa kowannenmu wani abin hannu na roba, alamar mun biya. Baffa ya juya nasa ya ce shi dai a saninsa maraƙi ake yi wa shaida. Masaukinmu ɗaki biyu ne da falo ɗaya, ni na zaɓa da kaina don mu kasance kusa da shi. Da la'asar muka fita bakin ruwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya cire hula ya mayar, sannan ya tambayi 'yarsa da Fulatanci ko akwai mutane a ɗaya gefen. Raina ya yi fari ƙal, na ce a zuciyata tafiya ta biya.

Ɗakin cin abincin kuwa fili guda ne, na ƙirga tebur arba'in. Shinkafa kala uku, kifi, kaza, doya, kowa ya ɗauki faranti ya zuba son ransa. Na ja wa Baffa kujera kusa da ni. Ya zauna, ya ce ruwan zafi kawai zai sha. Da safe ma haka, da rana ya ce barci yake ji. Ni kuwa ina ta loda faranti, ina yaba wa kaina da iya zaɓe.

Safiya ta biyu muna tafe a kan yashi sai na ga ya rage sauri, gumi ya keto masa, ya fara tangaɗi. Da ƙyar muka zaunar da shi. Uwargida ta ruga ta jiƙo sukari a ruwa ta ɗura masa, a hankali idonsa ya dawo. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba.

Da ya samu ya kwanta, ta ja ni waje. "Baban Amir, tun daga Kano Baffa bai ci abin kirki ba, maganinsa kuma yana sha. Dafaffen ƙwai biyu na ɓoyo masa a mayafi jiya, shi ma sai da ka fita ya ci."

Na ce, "Abincin ne bai yi masa ba?"

Ta ce, "Kai ne bai yi masa ba. Yaushe ka taɓa ganin Baffa ya kai loma a gabanka? Balle a gaban mutum ɗari."

Wallahi na san wannan al'ada, a cikinta na yi aure. Bafulatani irin Baffa ba ya cin abinci a bainar jama'a, a gaban suruki kuwa ko da wasa. Amma shekara goma sha ɗaya duk zuwan da nake yi gidansa, akushina daban ake kai mini zaure, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina a ina shi yake ci ba. Na je wurin manaja, ya ce doka ta hana fita da faranti daga ɗakin cin abinci, abin da suke kaiwa ɗaki burodi ne da soyayyen dankali. Ko da sun kai ma, falonmu ɗaya, zai ji motsina. Ban tsaya ja-in-ja ba. Kwana biyun da suka rage na bar musu, muka haɗa kaya kafin azahar.

A masallacin 'yan Arewa da ke cikin gari liman ya haɗa mu da wata dattijuwa mai ba da hayar ɗakuna kusa da inda masunta ke jan jiragensu. Gida ne na langa-langa, fanka ɗaya tana kuka, ruwa sai an ja a rijiya. Amma kowane ɗaki da ƙofarsa, akwai kuma madafa. Na zaɓi ɗakin da ya fi nisa da na Baffa. Uwargida ta samo garin dawa da kuɓewa busasshiya a unguwar Hausawa, ta sayi kifi ɗanye a hannun matan masunta, arha kamar an tsinta. Da ta ɗauki kwano ta nufi ɗakinsa, ni kuma na sa takalmi na tafi kallon teku, kallon da ban yi niyya ba. Da na dawo na tarar da kwanon a bakin rijiya, an suɗe shi tas.

Kwana uku muka yi a gidan, kuma kullum sau uku ina zuwa kallon teku. Har masunta suka fara gaishe ni da hannu. Baffa ya murmure, ya riƙa fita da sandarsa tun hantsi. A ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa ya gamu da wasu gajerun shanu marasa tozo, ya zagaya su sau biyu yana dariya har da riƙe ciki, ya ce waɗannan ko a sadaki aka ba shi sai ya yi shawara. Ya sha ruwan kwakwa a bayan ɗaki, ya ce ba laifi amma bai kai nono ba.

Ga mai tambayata wanne ya fi, amsata a tsaye take. In kai kaɗai ne ko da abokai, otal mai komai a ciki hutu ne na gaske, ka je. In da dattijo za ka, kada ka tsaya kan abin da za a ci, ka fara tambayar a ina zai zauna ya ci, kuma wa zai gan shi. Ni na tsara komai ban da wannan, kuma saura kaɗan in dawo da abin da ba zan iya faɗa wa mutanen Gadau ba.

A hanyar dawowa daga Kano mun tsaya a Kwanar Huguma, uwargida ta sayi dafaffiyar gyaɗa. Mun wuce Jama'are, mota ta yi shiru, sai na ji ƙaramin ƙas daga kujerar baya. Na ɗaga ido, a madubi na ga Baffa ya fasa gyaɗa ɗaya, ya kai baki, yana kallon gonaki ta taga. Na miƙa hannu a hankali na karkatar da madubin sama. Har muka shiga Azare ban san abin da ke bin motata a baya ba.