Ɗaki Mai Taya a Bakin Fadama

Yayana na da gona a hanyar Kebbe, jigawa ce da ta gangara yamma ta faɗa fadama. Tun muna samari, da shinkafa ta fara fid da kai sai ya naɗe tabarmarshi ya bar Tambuwal, ya kafa bukka can, ba a sake ganinshi cikin gari sai an yi yanka. Yakan ce tsuntsu bai jin tsoron mai gonar da ke kwana gida.

Shekarar da hawan jini ya kada shi, ya tashi yana jan ƙafar hagu. 'Ya'yanshi sunka taru sunka yanke cewa kwanan bukka ya ƙare, ba tabarma a ƙasa, ba sanyin fadama. Yaya bai yi musu gardama ba. Sai dai ya shiga zawarcin 'yan kabu-kabu a ɓoye, yana neman wanda zai ɗauke shi. Babban ɗanshi, wanda ke aiki a sakatariya, ya gane in ba a sama mishi mafita ba wata rana za a wayi gari a tarar da ɗaki babu kowa. Sai ya samo wani ɗaki mai taya biyu, irin wanda masu aikin hanya ke ja da mota suna kwana ciki. Tsoho ne, fentin duk ya koɗe, amma akwai gado, akwai taga, rufin kuma bai yoyo.

Yaron ya gindaya sharaɗi a gaban kowa. Ɗakin zai tsaya daidai ba karkata, ƙofa za ta buɗe ta rufe, kuma ubanshi zai hau ya sauka da ƙafarshi ba mai riƙe shi. In ɗaya ya kasa, a sake ɗaura ɗakin a mota, da shi da tsohon a dawo gida, kuma magana ta mutu.

Ni anka ɗauka a matsayin masani. Dalili kuwa, na taɓa yin karen mota na damina guda, kafin direban ya gane barci na fi iyawa. Tun daga nan nake ba mutane labarin ƙarfe da taya kamar ni na ƙera su. Bokona bai wuce ajin da ake rera waƙa ba, amma baki Allah Ya ba ni. Kuma har yau da furfurata, Yaya bai kirana da komai sai Auta.

Munka isa da hantsi, a-kori-kura ta aro tana jan ɗakin. Bakin hanya akwai masussuka, fili a daddaɓe sumul kamar tsakar gida. Ɗan Yaya ya ce ga wuri nan Allah Ya shirya, a ajiye kawai. Yaya ya leƙa ta tagar mota ya ce daga nan ba a ganin shinkafa, shi bai zo gadin hanya ba. Ya nuna inda ya saba kafa bukka, can kan gangare. Ya ce kuma ƙofa ta dubi yamma.

Yaron ya gwada lallashi, ya ce ai damina ta kusa fita, ƙofa ta dubi ko'ina ma ɗaya ne. Yaya ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai hankali ya buɗe ƙofarshi gabas ba, don hadari daga can yake tasowa, ruwan bankwana kuma ya fi kowane mugunta. A ƙasarmu haka abin yake, ko akurkin kaji za ka yi, bayanshi kake ba gabas. Ni ma na goyi bayan Yaya, don na ga shi ne zai ci.

To, ɗakin ƙofarshi a gefe take. Da anka juya shi ƙofa ta dubi yamma, sai tayar da ke gefen ƙofa ta zauna ƙasan gangare, ɗayar tana tudu. Munka toshe tayoyin da duwatsu, munka kwance shi daga mota. A gaba akwai wata ƙafar ƙarfe da ake murɗawa, tana ɗaga hancin ɗakin ko ta sauke shi. Na kama ta na yi ta murɗi ina gyaran murya. Sannan na ce a ba ni abin awo.

Ba mu taho da ma'aunin nan na magina ba. Na ce ba komai, mu a zamaninmu da kwano muke aiki. Na ɗauko kwanon da matar Yaya ta ɗauro mana, na buɗe, na ajiye a tsakiyar ɗakin, na durƙusa na rufe ido ɗaya ina duban bakinshi. Fura ce, damun safe, ta sha nono ta yi kauri har ludayi na tsayawa ciki. Na ga ta zauna lafiya lau, ba ta taɓa wannan gefe ta bar wancan ba. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa na sanar da cewa ɗaki ya daidaita.

Munka tallafa wa Yaya ya shiga don ya gwada gadon. Ya jingine sandarshi, ta zame ta faɗi, ta mirgino ta fito ta ƙofa. Buta ta bi bayanta. Ƙofar da kanta ta wangale ta bugi jikin ɗakin. Yaya na zaune bakin gado ya dafe bango da hannu biyu kamar mai tsallaka gulbi a kwalekwale. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Auta, fura kat tambaya? Abin da bai motsi sai an sa mai ludayi?"

Na ce laifin mai damu ne. Ba wanda ya yi dariya sai direban a-kori-kura, shi ma ya juya baya. Ɗan Yaya ya zuba ruwa a murfin kwanon ya ajiye a ƙasa. Ruwan duk ya gudu gefen ƙofa, ɗaya gefen ya bushe ƙayau.

Anka fito da Yaya anka zaunar da shi kan buhu a inuwa, munka koma aiki. A kusurwoyin ɗakin akwai wasu ƙananan ƙafafu da ake saukewa. Na ce a murɗa na gefen ƙofa su ɗaga shi. Direban ya ce waɗannan ba na ɗagawa ba ne, na hana girgiza ne, in anka dora musu nauyi lanƙwashewa za su yi. Na ce dama gwada shi nake. Abin da ya rage shi ne a ɗaga tayar da ke ƙasa. Munka sake ɗaura ɗakin a mota, anka ja shi gaba kaɗan, munka jera faffaɗan duwatsun marmara da wani guntun katako a inda tayar za ta zauna, anka turo shi baya ya hau. Ba a samu ba a karon farko. Anka ƙara dutse, anka rage, mota na gaba tana baya, ni ina tsaye ina ba da umarnin da ba mai bi.

Wajen azahar ruwan murfi ya kwanta tsakiya. Anka murɗa ƙafar gaba har ya daina gudu ta can ma. Ƙofa ta rufe, ta buɗe, ta tsaya inda anka bar ta. Munka yi salla da farin ciki.

Sai dai da munka ɗaga gefen ƙofa, dokin ƙofar ya tashi sama. Ɗan matakin ƙarfen da ke ƙarƙashinta yanzu ya kai gwiwata. Yaya ya taho da sandarshi, ya kama ƙarfen gefen ƙofa, ya ɗora ƙafar dama. Ta hagu ta ƙi biyowa. Ya sauke, ya huta, ya sake. Na ga jijiyar wuyanshi ta tashi. Na matsa zan tura shi ta baya, ya ce in na taɓa shi sai ya karya mini sandar a ka. Na kawo shawarar a tara duwatsu a yi mishi matakala. Yaron ya girgiza kai, ya ce dutse kan gangare, da raɓar asuba, da ƙafa guda, wannan faɗuwa ce ake shiryawa.

Yaya ya koma kan buhunshi ya zauna yana duban fadama. Tsuntsaye kuwa kamar an aika musu, sun sauka gefen shinkafar suna ta sha'aninsu. Bai roƙi kowa ba. Abin da ya ce kawai, ba tare da ya juyo ba: "Ni dai nan nika kwana, ko cikin ɗaki ko wajenshi."

Sharaɗi ya riga ya faɗi, kowa ya gani. Direban har ya fara ƙara ɗaure kayan Yaya da ke bayan mota da igiya. Yaron ya daɗe tsaye, hannu a aljihu, yana duban tayar da ke tudu. Can ya ce mini, "Baffa, in tukunyar Inna ta karkace kan murhu, ba ƙara wa gajeren dutse take ba. Ƙarƙashin dogon take tonawa."

Na ce ai abin da nake shirin faɗa ke nan.

Ya cire agogo da hularshi ya miƙa mini, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki fartanya. Anka sake jan ɗakin gaba, munka kwashe duwatsun da munka sha wahalar jerawa. Ya tona rami daidai inda tayar tudu ke zama, mai gangare ta gaba don ta shiga a hankali. Hannun ofis ne, kafin a jima ya yi bororo, amma bai ba kowa fartanyar ba. Yaya daga inda yake ya fara ba da umarni, alamar rai ya dawo: a zuba tsakuwa a gindin ramin kada taya ta nutse, a ja 'yar kwata ta bayan ɗakin don ruwan gabas ya wuce kada ya kwanta ciki. Wannan kwatar ni na tona ta, kuma ban ji wanda ya kushe ta ba.

Anka turo ɗakin baya, tayar ta faɗa raminta. Ruwan murfi ya nuna saura kaɗan, anka fitar, anka ƙara tono, anka mayar. Da ya kwanta tsakiya munka toshe tayoyi, munka sauke ƙananan ƙafafun kan duwatsu har sunka taɓa kawai. Matakin ƙofa yanzu bai fi tsawon tafin hannu daga ƙasa ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Yaya ya sake tasowa. Munka ja baya dukanmu. Ya kama ƙarfen, ya ɗora dama, ya tsaya, ya jawo hagu. Ya shiga. Ya juyo a hankali ya sauko. Bai dubi kowa ba ya sake hawa, don kada a ce sa'a ce. Sannan ya zauna a dokin ƙofa, ƙafafunshi a kan matakin, shinkafarshi shimfiɗe a gabanshi.

Yaron ya tsaya yana hura tafin hannunshi. Ya tambayi uban ko maganin safe da na dare yana gane su, uban ya ce shi ba yaro ba ne. Sai ya juya wajen mota ya ce wa direban ya kwance igiya, a sauko da katifa da buhun gero.